Sandikar da ke tsayawa a bakin zaure

Akwai wata takarda da na sa wa hannu shekaru da dama da suka wuce, wadda har yau in na tuna da ita sai kunya ta rufe ni. A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare cikin jihar Maraɗi, kuma ni ne abokan aiki suka zaɓa wakilinsu na sandika. Muna da wata malama ƴar kwantaragi mai riƙe da ajin farko, yara sun haura saba'in a gabanta, mace mai ƙwazo wadda ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Kwatsam sai ta fara makara. Daga makara sai fashin kwana ɗaya, kwana biyu. Ran da ta zo kuwa, sai ka gan ta ta ja mayafi ta rufe gefen fuska. In an tambaya ta ce ciwon haƙori ne, wata rana ta ce daga kabu-kabu ta faɗo. Babu wanda bai san gaskiyar magana ba, tun daga darakta har mai gadi, domin unguwarmu ɗaya, kuma katangar laka ba ta tare kuka. Kowane ƙarshen wata muna ganin maigidanta zaune bisa babur a gindin bedin da ke bakin makaranta, yana jiran ta fito da ɗan abin da aka biya ta.

Darakta ya ba ta takardar neman bahasi, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Ni kuma na yi abin da na ɗauka shi ne iyakar aikina: na raka ta ofis, na roƙa a yi mata sassauci, na rubuta cikin rahotona cewa tana fama da "matsalar iyali". Da waɗannan kalmomi biyu na binne maganar. Kafin zango na biyu ya ƙare ta gudu cikin dare zuwa ƙauyen iyayenta, da ƴaƴa biyu da karyayyen hannu. Aka lissafa ta cikin waɗanda suka yi watsi da aiki, aka tsayar da kuɗinta, kwantaraginta ya mutu. A wannan shekarar ce muka yi dogon yajin aiki kan bashin albashi, ni ne kuma na riƙa hawa bisa tebur a wurin taro ina magana kan mutuncin ma'aikaci har muryata ta dushe.

Ban kawo wannan labari don a tausaya mini ba. Na kawo shi ne domin duk wanda ya taɓa riƙe muƙami a ƙungiyar ƙwadago a ƙasar nan, daga Tawa zuwa Damagaram, yana da irinsa a cikinsa, ya sani ko ya ƙi sani. Abin da nake so in faɗa a fili shi ne: ƙungiyar da ke karɓar kuɗin mace kowane wata, ta sa ta jerin gwano cikin rana ran 1 ga Mayu, sa'an nan ta kau da kai ran da dukan miji ya raba ta da aikinta, wannan ƙungiya ta ci amana. Ba wai ta gaza yin alheri ba ne, wanda in an yi a gode in ba a yi ba babu laifi. Aikin da aka kafa ta dominsa ne ta ƙi yi.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma na sha bayar da ita. Za a ce sandika ta wurin aiki ce, abin da ya faru bayan an shiga zaure ba huruminta ba ne. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, mai shiga tsakanin mata da miji shi ke kwana da kunya. To, bari mu duba ko da gaske ne ƙungiyoyinmu ba sa shiga gida. Wa ke tara kuɗi in an yi wa abokin aiki haihuwa? Wa ke ɗaukar mota a tafi gaisuwar mutuwa har wani gari? Wa ya yi ta fafitika kan kuɗin iyali da hutun haihuwa na mako 14? Wa ke bin ofis-ofis da takardar malamar da ke son a mayar da ita garin da mijinta yake aiki, don kada aure ya lalace? Tun cikin yarjejeniyar gama-gari ta 1972 tsakanin masu ba da aiki da ƙungiyoyin ma'aikata aka amince wa ma'aikaci ƴan kwanaki in zai yi aure, ko an yi masa haihuwa, ko an yi masa rasuwa. Ashe mun daɗe da wuce zaure, mun shiga tsakar gida, har mun leƙa ɗaki. Muna shiga ran suna, muna shiga ran biki, muna shiga ran makoki. Rana ɗaya tak muke tuna cewa gida yana da alfarma, ita ce ranar da ake dukan matar gidan. Ma'aikaciya tana da izinin fashi in za a ɗaura mata aure, mu kuma abokan aikinta muna da izinin fashi in za mu kai ta kabari, amma ita ba ta da ko yini ɗaya na zuwa asibiti da kotu don kada auren ya kai ta kabarin.

Kuma dukan ba ya zama a gida. Yana bin mace har wurin aiki, ya zauna tare da ita. Malamar da ba ta runtsa ba daren jiya, da wane ido za ta duba littattafan yara saba'in? Ungozomar da hannunta ke rawa, wa zai so ta karɓi haihuwar matarsa? Ga mijin da ke ɓoye takardunta, ko ya kulle ƙofa da safe, ko ya kira wayarta sau ashirin tana cikin aji, ko ya zo ya yi mata tijara gaban ɗalibai. Wurin aiki shi ne wuri guda da ya tabbata zai same ta a sa'a kaza, ko da ta bar masa gida. Duk wannan cikin lokacin aiki yake faruwa, a harabar aiki, kuma sakamakonsa a takardar albashi yake fitowa: makara, fashi, gargaɗi, yanke kuɗi, kora. In waɗannan ba hurumin sandika ba ne, to a gaya mini mene ne huruminta.

A nan ne zuciyar maganar take. Albashi shi ne igiyar da macen da ake azabtarwa ke riƙe da ita a bakin rijiya. Da shi za ta iya kama ɗakin haya, ta biya kuɗin mota, ta ciyar da yara watan farko da na biyu, lokacin da dangi ke cewa ta yi haƙuri ta koma. Mai dukan ya san haka sarai, shi ya sa yake fara kai hari ga aikin ko ga kuɗin. Idan hukuma ta kore ta saboda fashi, ta ƙarasa masa aikin da ya fara, ta mayar masa da ita hannu wofi. Mu kuma da muka yi shiru mun zama shaidun wannan ciniki. Abokiyar aikina ba ta rasa hankali ko ƙarfin zuciya ba, ai ta gudu. Abin da ta rasa shi ne kwana goma da babu mai tuhumar ta, da takardar sauyin wurin aiki.

Sai amsa ta biyu, wadda aka fi jin daɗin faɗa a majalisar shayi: wai wannan duk kayan Turawa ne, ana so a lalata mana gidaje. Gaskiya ne wasu sun riga mu. Tun 1993 ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta Kanada ta sa manyan kamfanoni suka yarda a sami wata ma'aikaciya horarriya a masana'anta, wadda mace za ta iya zuwa wurinta a asirce ta nuna mata hanyar likita da lauya da mafaka. A 2004 ƙasar Filifin ta sa kwana 10 na hutu da albashi cikin dokarta domin matan da aka ci zarafinsu a gida. A wannan shekarar dai Sipaniya ta ba irin waɗannan mata damar rage sa'o'in aiki, ko sauya gari, ko dakatar da kwantaragi ba tare da sun rasa gurbinsu ba. A Ostireliya, cikin 2010, wata ƙungiyar ma'aikata ta zauna da hukumar wata ƙaramar gunduma mai suna Surf Coast, a jihar Biktoriya, suka rubuta kwana 20 cikin yarjejeniyar aiki. Gunduma ɗaya ce rak. Daga nan wasu ƙungiyoyi suka kwaikwaya, wuri bayan wuri, har majalisar ƙasar ta mayar da shi doka a 2022, kwana 10 ga kowane ma'aikaci, aka fara aiki da ita a 2023. Niyu Zilan ta yi tata dokar a 2018. Abin lura a labarin Kanada da na Ostireliya shi ne ba daga gwamnati abin ya sauko ba. A teburin ciniki tsakanin sandika da mai ba da aiki aka haife shi, doka ta biyo baya tana haki.

Ran 21 ga Yunin 2019, a birnin Jeneba, babban taron Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wadda muka fi sani da OIT, ya amince da Yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da tsangwama a duniyar aiki, da ƙuri'a 439, bakwai suka ƙi, talatin suka ƙaurace. A wannan zaure gwamnatoci da masu ba da aiki da wakilan ma'aikata ne ke jefa ƙuri'a tare. Sashe na 10 na yarjejeniyar ya nemi ƙasashe su amince cewa cin zarafin da ake yi a gida yana shafar aiki, su kuma rage illarsa gwargwadon iko. Shawara mai lamba 206 da ke rakiyarta ta zayyana hanyoyin: hutu ga wadda abin ya shafa, sassauta lokutan aiki, kare ta daga kora na wani lokaci, da tura ta inda za ta sami taimako. Yarjejeniyar ta fara aiki ran 25 ga Yunin 2021. Namibiya ce ta fara tabbatar da ita a Afirka, a 2020. Somaliya, ƙasar Musulmi, ta bi a 2021. Maƙwabciyarmu Najeriya a 2022. To, su ma Turawa ne?

Mu ma daina yaudarar kanmu. Ita kanta kalmar sandika daga ina muka samo ta? Yajin aiki, da hutun shekara, da fansho, da ranar 1 ga Mayu, wanne ne kakanninmu suka bar mana a Gobir ko Katsina ko Adar? Duk mun karɓe su hannu biyu don sun yi mana amfani, babu wanda ya ce kayan Nasara ne ran da aka ƙara masa kuɗin gida. Sai abin da zai amfani mace a kan namiji ne kaɗai ake tambayar takardar haihuwarsa.

Wasu kuma da addini suke fakewa, kuma nan ne ya kamata a yi magana da natsuwa, domin galibinmu Musulmi ne kuma ba ma wasa da abin. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ɗan makarantar zaure ne kawai kamar kowa. Amma abin da ɗan makarantar zaure ya sani ya isa. An ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Masu kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i sun san irin sharuɗɗa da iyakokin da malamai suka gindaya mata, sun kuma san ayar da ke biye da ita ta yi umurni a tashi masu sulhu daga dangin miji da na mata, wato dai Alƙur'ani da kansa bai ce a rufe ƙofa a bar su su biyu ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi kuwa, in cutarwa ta tabbata alƙali yana da ikon ya ladabtar da miji, ya kuma raba auren ko da mijin bai so ba. Babu littafin da ya halatta karya hannu, ko fasa ido, ko ƙwace albashin mace, wanda dukiyarta ce ita kaɗai a shari'a. Mai yin haka ba sunna yake bi ba, zuciyarsa yake bi. Sandikar da ta taimaki mace ta isa gaban alƙali ba ta saɓa wa addini ba, hanyar da addinin ya buɗe ce ta share mata.

Amma isa gaban alƙalin fa? Nan ne ɗaya rabin aikin yake. Dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu tana hukunta duka da raunatawa da gangan, ba ta kuma keɓe miji ba. Gyaran da aka yi mata a 2003 ya shigo da laifin bauta da kaciyar mata da tsangwama ta neman lalata. Dokar ƙwadago ta 2012 ita ma ta haramta irin wannan tsangwama a wurin aiki. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, mace za ta fara neman takardar likita mai nuna raunin da kwanakin da ba za ta iya aiki ba, galibi kuma sai da kuɗi. Ta je komisariya ko wurin jandarmomi, inda sau da yawa kalmar farko da za ta ji ita ce a je a sasanta a gida. In maganar ta koma ta saki da riƙon yara, sai ta tarar dokar tsarin shari'a ta 2004, da wadda ta gaje ta a 2018, sun bar sha'anin aure da saki da gado a hannun al'ada. Al'ada kuwa baki gare ta da yawa, kuma kasafai bakin yake zama na mace ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yini ne guda na aiki, wani lokaci a ɗage zama sau uku. Dokar 2011 ta kafa hukumar agajin shari'a ta ƙasa, ANAJJ, domin marasa ƙarfi; akwai ƙungiyar mata masana shari'a, akwai ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Wakilan sandika nawa ne a makarantunmu suka san ƙofar ko ɗaya daga cikinsu? Ni dai a lokacin ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Kowa ya san yadda ta kaya da dokar iyali a ƙasar nan: an yi ta tsara ta ana janyewa tun shekarun 1990, aka sake gwadawa a 2011 abin ya watse. Mun shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana nuna wa mata bambanci a 1999, amma da togaciya a kan sassan da suka shafi aure. Majalisar dokoki ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo a 2006. Wasu shugabannin ƙwadago da wannan tarihi suke kare kansu, su ce wuta ce, duk wanda ya taɓa ya ƙone. Ni kuwa cewa nake yi wannan tarihin shi ne babbar hujja a kansu. Tun da babbar ƙofa ta ƙi buɗuwa shekara talatin, sai a bi ta ƙaramar da mabuɗinta ke aljihunmu. Ba a bukatar dokar iyali kafin a rubuta cikin yarjejeniyar aiki cewa fashin da aka yi don zuwa asibiti ko kotu ba fashi ba ne. Ba a bukatar a taɓa maganar gado ko ta mata huɗu kafin ma'aikatar ilimi ta yarda cewa, kamar yadda ake sauya wa malama gari don ta bi mijinta, haka za a iya sauya mata gari cikin gaggawa don ta tsira daga gare shi. Hanyar ɗaya ce, takardar ɗaya ce, ofishin ma ɗaya ne.

Kada kuma a ce ƙungiyoyinmu ba su saba shiga abin da ya wuce albashi ba. USTN ce, tare da ɗalibai, ta tsaya a 1990 da 1991 har mulkin jam'iyya ɗaya ya durƙusa aka kira Taron Ƙasa. Ba a ce siyasa ba hurumin sandika ba ce a wancan lokaci. Sai dai mu tuna, don kunyarmu, cewa da aka zo kafa kwamitin shirya taron, mace ɗaya tak aka sa a ciki, har sai da mata suka fito titunan Yamai ran 13 ga Mayun 1991 kafin a ƙara musu kujeru. Ranar ce ta zama ranar matan Nijar. Ma'aikata mata da malamai mata suna cikin waɗanda suka yi wannan tattaki. Tun ran nan ya kamata mu gane cewa mazan da suka iya ƙalubalantar gwamnati ba lalle ne su iya ƙalubalantar kansu ba. Yau kusan kowace babbar ƙungiya tana da sashen mata. A wurare da yawa aikin sashen bai wuce zaɓen atamfar 8 ga Maris da dafa abincin babban taro ba.

Ga abin da ya fi kowanne ɗaci, wanda ba a son a faɗa. Sau da yawa mai dukan namu ne. Malami ne, ma'aikacin lafiya ne, wani lokaci ma ɗan kwamitin zartarwa ne mai zaƙin baki a wurin taro. Na ga lokacin da abokan aiki suka yi ayari zuwa komisariya, ba don su tsaya wa wadda aka fasa wa baki ba, sai don su roƙa a kashe maganar kada "abokin gwagwarmaya" ya rasa aikinsa. Aikinsa ya zama abin karewa, nata ya zama abin sadaukarwa, alhali kuɗin da suke zubawa a asusun ƙungiya ɗaya ne. Ban ce sandika ta zama kotu ba, ban ce a kori kowa bisa jita-jita ba. Mutum yana da haƙƙin a saurare shi, ko a gida ko a ofis. Amma ƙungiya tana da ikon ta rubuta cikin dokokinta cewa babu wakilinta da zai je neman a janye ƙarar duka da sunanta, kuma wanda kotu ta kama da wannan laifi ba zai riƙe mata muƙami ba. Mutumin da matarsa ke rawar jiki in ta ji ƙarar babur ɗinsa, ba shi ne zai koya mana ma'anar zalunci ba.

Za a ce babu kuɗi, ga bashin albashi, ga ƴan kwantaragi da ba a ɗauka ba, ga azuzuwan zana, ga rashin tsaro da ya rufe makarantu. A bari sai an gama da manyan matsaloli. Na ji, kuma ban raina ko ɗaya ba. Amma yaushe aka taɓa gamawa da manyan matsaloli? Kuma a yi lissafin da kyau. Kwana goma na malama guda, a kwatanta shi da ajin da ya zauna babu malami daga tsakiyar shekara har ƙarshenta, kamar yadda ya faru da yaranmu saba'in da aka rarraba cikin azuzuwan da suka riga suka cika. Mafi yawan abin da ake nema ma ba kuɗi yake ci ba. A kowane reshe a sami mace ɗaya da aka horar, mai riƙe sirri, domin a garuruwanmu in magana ta fita da safe kafin azahar ta isa kunnen mijin, kuma masu aikin agaji ko'ina sun tabbatar cewa lokacin da mace ke shirin barin gida shi ne mafi haɗari gare ta. A tabbata kuɗinta yana shiga asusun da ke da sunanta ita kaɗai. A gaya wa mai gadi wanda ba za a bari ya shigo ba. Asusun taimakon juna da ke sayen ragon suna ya iya biyan takardar likita da kuɗin mota zuwa kotu. In namiji ne abin ya sama, domin yana faruwa ko da ba shi da yawa, shi ma ƙofar a buɗe take gare shi.

Na san masu albashi ƴan ƙalilan ne cikin matan ƙasar nan. Mai tuyar ƙosai, da mai sayar da fura, da yarinyar da ke aikatau a gidajen Yamai ba su da darakta balle hutu. Yarjejeniya ta 190 ta ambace su, don ta haɗa har da masu sana'ar da ba ta da rajista. Su kuwa ba su jira mu ba: tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, kuma asusun da suke tarawa kowane mako ya fitar da mata da yawa daga ƙunci ba tare da wani dogon jawabi ba. Mu masu takardun shaida da manyan taruka ya kamata mu je mu ga yadda suke yi. Amma ƙarancin masu albashi ba hujja ba ce ta barin su. Malama da ungozoma su ne matan da duk ƙauye ke kallo. In aka ga an doki malama, hukuma ta kore ta, ƙungiyarta ta yi shiru, wane uba ne zai yarda cewa boko yana kare ƴarsa daga wani abu?

Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a ƙasar nan a 2012 ya nuna kimanin mata shida cikin goma suna ganin miji yana da hujjar dukan matarsa saboda aƙalla dalili ɗaya, irin su fita ba izini ko gardama ko ƙona abinci. Mazan da suka faɗi haka ba su kai uku cikin goma ba. A daɗe ana duban waɗannan alƙaluma. Ba a haifi yarinya da wannan ra'ayi ba, koya mata aka yi, da karin magana, da nasihar daren kai amarya, da wasan kwaikwayon da ake mari a cikinsa ƴan kallo su fashe da dariya. Wannan ɓangaren namu ne, mu malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu, domin mu ke rubuta wasannin, mu ke tsayawa gaban allo. Mun iya tsara waƙa kan rigakafi da auren wuri in wata hukuma ta ba da kuɗi. Haƙuri kuwa, wanda muke ta yabo, halin kirki ne in mai ƙarfi ya yi shi ga mai rauni. Mu mun juya shi, mun ɗora shi duka bisa kan wadda ke ƙasa.

Watan Mayu yana tafe kamar kullum, za a kuma rubuta kundin koke-koken da za a miƙa wa hukuma. Ina roƙon kowane reshe na malamai, tun daga na ƙauye, ya aika wa uwar ƙungiyarsa da buƙata a rubuce: kwana goma da albashi, sauyin wurin aiki na gaggawa, hana kora ko yanke kuɗi saboda fashin da cin zarafi ya jawo, da aiwatar da abin da Yarjejeniya ta 190 ta ƙunsa a dokokinmu na ƙwadago da na ma'aikatan gwamnati, ƴan kwantaragi a ciki. In shugabanni sun ce babu wuri a kundin, a tambaye su gaban taro wane layi ne ya fi wannan, a kuma rubuta amsarsu cikin rahoton zama.

Abokiyar aikina, na sami labari daga baya, ba ta sake komawa aji ba. Da na bar makarantar, sabon wakili ya karɓi akwatin takardun reshe daga hannuna, rahoton nan yana ciki, da kwanan wata da sa hannuna a ƙasa.